Rasuwar Jar Motar Malam Kailani a Ƙofar Garejin Nagoda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ɗan abin da ya rage na mutunci, Malam Kailani Salisu na Tudun Wada yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar jar motarsa, wadda ta cika ranar Lahadi da hantsi, tana da shekara ashirin da shida, tara daga ciki a hannunsa.

Marigayiyar ta yi zaman duniya cikin gata. Tun ranar da bakanike Nagoda na Kwangila ya riƙe ta mako uku kan gyaran birki, Malam ya rantse a gaban shaidu cewa ba za ta ƙara taka garejinsa ba. Ya cika alkawari. Shekara bakwai, duk Asabar yana kwance a ƙarƙashinta kan buhun shinkafa, da sifana a hannu, waya a kan ƙirji, wani bature a bidiyo yana koya masa aiki. Shi ya wanke mata kafireto. Shi ya liƙe mata lagireto da sabulu. Mutumin da ke da digiri biyu ya zuƙi fetur da bakinsa saboda ita.

Maƙwabta za su tuna muryarta ta safe, "kyar-kyar-kyar… tuf," wadda ke nufin a fito a tura.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Ana gobe za a kai lefen ɗansa Adnan, Malam ya juye mata baƙin mai. Yana cikin mayar da notin ƙasa aka kira sallar la'asar, sai ya murɗa shi da yatsa, da niyyar ya dawo ya ɗaure. Sai ya manta. Da mota ce mai amana, da ta yi masa uzuri. Washegari ta ɗauki akwati shida da gwaggonni huɗu, ta rubuta wasiyyarta da baƙin mai a kan kwalta tun daga ƙofar gida. Ta wuce gidan mai, ta wuce inuwa mai kyau har biyu. Sai da ta zo daidai garejin Nagoda ta ce "ƙwas," ta gangara da kanta ta tsaya a bakin ƙofa.

Nagoda ya fito yana goge hannu, ya leƙa ƙasa, ya ce, "Malam, sannu da zuwa. Wa ya yi mata aiki?" Gwaggo Ishatu ce ta ba shi amsa, da yatsa. A keke aka ƙarasa da lefen.

Ta rasu ta bar miji ɗaya da ciwon baya, da uwargida Juwairiyya wadda tun bara take cewa a sayar, da jak, da safaya mai faci bakwai, da noti goma sha tara a gwangwanin madara, waɗanda har yau ba a gano daga ina suka fito ba.

Nagoda ya ce in an bar masa ita zai iya tashinta. Malam ya gode, ya ce rai ya riga ya yi halinsa.

Za a ɗauki gawar ranar Laraba bayan azahar, daga inda take, zuwa wurin 'yan gwangwan. Ana neman majiya ƙarfi shida, domin tura ta ƙarshe. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida, a kan tabarmar da aka shimfiɗa don rufe tabon mai. Malam da kansa ba zai samu halartar ɗaukar gawa ba, saboda a harabar Nagoda za a yi.