Lahadin da Na Tuba Ban Sani Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin da aka yi ta murna a kaina a Ikko, ni da rawanina da carbina a aljihu, wai na shiga addinin Nasara. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Jikokina sun sha jin labarin, amma kullum a gutsure nake ba su shi. Yau dai bari in faɗe shi tun daga tushe, tunda waɗanda suka yi mini dariya duk sun riga mu gidan gaskiya.

Abin ya faru tun Faransawa ba su sa ƙafa a ƙasar Tasawa ba. Mu mutanen Korgom ne. Ina da yaya mace, Dije, ita ta goye ni. Ina ɗan ƙarami mahara suka kwashe ta a bakin gona tare da wasu ƴan mata, daga nan ba mu ƙara jin ɗuriyarta ba. Inna kuwa ba ta taɓa fidda rai ba. Duk baƙon da ya sauka a garin sai ta aika masa da fura, tambaya na biye da ƙwaryar.

Ina saurayi, gemu bai gama fitowa ba, wani bafatake ya kwana a zaurenmu. Da ya dubi fuskata sai ya ce ya taɓa ganin irin wannan zane a Ikko, can bakin teku, a kuncin wata mata mai Hausar Tasawa. (Wanzamin gidanmu bahago ne, zanen da yake yi mana a kuncin hagu kullum sai ya lanƙwashe wajen kunne kamar lauje. Duk ƙasar ba mai irinsa sai mu.) Ya ce bai san unguwarta ba, abin da ya ji kawai shi ne ta shiga addinin Nasara, kowace Lahadi tana gidan ibadarsu.

Inna ba ta ce komai a kan addinin ba. Ta dai sa aka haɗa ni da ayarin Madugu Balla, da kanwa da fatu, ta ce mini: "Auta, ka dubi fuska, kada ka dubi tufa. In ka gan ta, ka ce ƙwaryarta na nan, ban ba kowa ba."

Ni a lissafina aiki ne mai sauƙi. Nasara ai Nasara ne, gidan ibadarsu ɗaya zai kasance, in shiga, in duba, in kamo hannun yayata. Haka na yi ta cika baki har Ilori, inda muka bar jakuna muka ɗora kaya a ka.

Sai dai fa akwai matsala. Ikko cike take da Hausawa, ga fatake, ga masu aikin soja, ni kuma ba na so a ce an ga ɗan Malam wane na Korgom yana shiga ɗakin Nasara. Don haka na sayi rawani (wanda ban kai naɗawa ba, kuma ban iya ba), na ja amawali har ƙarƙashin ido. Na dubi kaina a ruwan tulu na ce madalla, ko Inna ba za ta gane ni ba. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Lahadin farko na bi ƙarar ƙararrawa har wani dogon gini. Na tuɓe takalma a bakin ƙofa kamar kowane ɗa mai tarbiyya, sai na ga jama'a na tsallake su suna shiga da nasu a ƙafa, maza kuma suna cire hula. Wato abin da muke tuɓewa su suna bari, abin da muke bari su suna tuɓewa. A jikin ƙofar akwai ɗan kwano na dutse da ruwa a ciki, kowa ya zo sai ya tsoma yatsa ya taɓa goshi da ƙirji. Na ce a raina, to, alwalarsu ke nan, amma wannan rowar ruwa haka, ga teku a kusa da su? Don in nuna ni baƙo ne mai ladabi sai na zuba hannu biyu na wanke har gwiwar hannu. Saura kaɗan in kurkure baki wata tsohuwa ta riƙe mini hannun riga.

A ciki ga turare, ga kyandir da rana tsaka, ga siffar wata mata riƙe da jariri. Limaminsu ya juya wa jama'a baya, wannan kam na gane, namu ma haka yake. Amma harshen da yake karatu da shi, na kusa da ni ya nuna mini da hannu cewa shi ma bai ji. A tashi, a durƙusa, a zauna; duk lokacin da na miƙe sai in ga ni kaɗai ne a tsaye, in na durƙusa kuma an riga an zauna. Fuskar da na zo gani kuwa babu, ƙeya kawai nake kallo. Sai can da suka yi layi zuwa gaba suna dawowa, na samu dama. Na leƙo daga bakin benci ina bin kuncin kowace mace da ido, har da karkata kai. Ban ga lauje ba, harara dai na sha ta ƙoshi.

Da aka tashi na tari wani dattijo mai tsaron ƙofa, wanda ya taɓa zama a Bida yana jin Hausa kaɗan. Na tambaye shi ko Nasaran garin ke nan duka. Ya ce na gaskiya dai su ke nan, amma akwai wasu can gaba da suka ɓalle, Allah Ya shirye su. Ashe su ma suna da wannan rarrabuwa?

Lahadi ta biyu na nufi wajen waɗanda suka ɓallen. Wannan karon na shiga da takalmina, ina jin kaina tsohon hannu. Na nemi kwanon ruwa a bakin ƙofa, babu. Na duba siffar matar nan mai jariri, babu. Da na tambayi wani mai sanda da ke zaunar da mutane ina suka kai su, sai ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. Nan kowa da littafi a hannu, ga wani akwati da ake dannawa yana kuka kamar an tara shanu ana yaye maruƙa. Na hango benci mai kyau a gaba babu kowa, na je na harɗe. Ashe na wani attajiri ne da iyalinsa, ba mai zama sai su. Suka iso suka tsaya a kaina suna kallona. Mai sanda ya zo ya tasa ni gaba har bencin ƙarshe, yana ta nuna rawanina wai in cire, ni kuma na dafe shi da hannu biyu.

Daga can baya ƙeya na ƙara sha. Da aka tashi sai na riga kowa fita na tsaya a bakin ƙofa ina duban mata ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ɗaure mini kai, wasu da sun hango ni sai su ja gyale su rufe fuska su sauya hanya. Na ce kai, matan Nasara akwai kunya. Mai sanda kuma ya gaya mini su ne a kan hanya madaidaiciya, na farkon da na je sun cika ƙare-ƙare, sannan akwai wasu can bakin ruwa da suka ɓalle daga cikinsu. Na koma masauki kaina na juyawa, na yi ta istigfari ban ma san na wane laifi ba.

Ga shi Madugu ya ce kaya sun ƙare, ayari zai juya. Lahadi ɗaya ta rage mini. In ban ga Dije ba, da wace fuska zan shiga ɗakin Inna?

Gida na uku ƙarami ne, ba turare, ba kyandir, mai wa'azin ma ba doguwar riga, baƙin mutum ne da kwat. Waƙa kuwa kamar rufin zai tashi. Ina shiga sai na ga sashen mata ya yamutse, gyale na ta hawa fuska. Na zauna a baya raina a ɓace, ga ƙeya kuma a karo na uku.

Can mai wa'azi ya yi ta magana da Yarbanci, murya na rawa, har da hawaye. Sai ya buɗe hannuwa yana nuna wani wuri a gabansa, fili fetal, yana kira. Ba wanda ya motsa. Ni kuwa sai wata dabara ta faɗo mini (dabarata ce ke kashe ni tun ina yaro): duk wanda ya tsaya a wurin nan ya juyo, ai fuskar kowa zai gani a lokaci ɗaya. Ga shi ma mai gidan da kansa ke gayyata. Na miƙe, na gyara riga, na taka har gaba.

Ina juyowa sai wuri ya ɓarke. Wasu suka zube a gwiwa, wasu suka ɗaga hannu sama, tsofaffi na kuka, aka kece da waƙa. Na waiwaya in ga wane babban mutum ne ya shigo, ba kowa sai bango. Mai wa'azin ya rungume ni ya ƙanƙame yana jijjiga ni, rawanin da dama naɗin koyo ne ya warware ya zubo har ƙasa, ya bar ni da ƙwaryar kai da ɗan gemuna mai gashi ƙidayayye. Wani ya matso kunnena ya ce da gurguwar Hausa: "Ka tuba, ɗan'uwa. Yau ka zama namu."

Na fara salati da ƙarfi, su kuma suka ɗauka daɗi ne ya kama ni, suka ƙara murya. Ina cewa ni yayata nake nema, ana amsa mini da amin. Ba abin da nake gani a idona sai fuskar mahaifina da allonsa.

Ana cikin haka wata mata ta ratso jama'a, ta sauke gyalen da ta rufe fuska da shi. Ba ta dubi idona ba, kuncina ta kama ta juya shi wajen haske, ta bi zanen da yatsa har kunne. Ni ma na ga nata.

"Auta? Kai ne kake ta firgita mu?" Nan take ta ƙara da cewa, muryarta ta sauka ƙasa: "Inna na da rai?"

Na ce tana nan, ta ce ƙwaryarki na nan, ba ta ba kowa ba. Dije ta zauna a ƙasa a gaban jama'a ta yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba. Ni ma na taya ta, kai ba rawani.

A gidanta ne, ina cin tuwo irin na Korgom, ta warware mini zancen. Tun Lahadin farko labari ya zaga duka gidajen ibadar nan (ashe duk saɓaninsu, labari na ratsa su) cewa wani mai rufe fuska ya zo daga arewa yana duban zanen mata, wai bayin da suka gudu yake farauta. Duk matar da ta taɓa shan igiya sai da ta yi kwanan tsoro. Dije da kanta ta so ta ƙi zuwa ranar, mijinta ya ce ta rufe fuska kawai. Shi ya sa da na fito gaba suka haukace da murna: mafaraucin bayi ya tuba. Ta je ta yi wa mai wa'azin bayani. Mutumin kirki, ya yi dariya har da riƙe ciki, amma na ga alamar ya ji asara.

Kafin in isa masauki labari ya riga ni. Madugu Balla ya tare ni a ƙofa da fuskar ta'aziyya, ya tambaya ko yanzu a daina tashina sallar asuba. Tun daga Ikko har Maijirgi, can kusa da gida, duk wanda ya ga kwanon ruwa sai ya miƙo mini ya ce in yi alwala.

Dije ba ta biyo ni ba. Tana da miji da ƴaƴa, kuncinsu sumul ba zane, ta kuma ce ba ta barin addininta. Gyalen nan ta ninke ta ba ni in kai. Duk hanya ina ta saƙa yadda zan gaya wa Inna wannan. Da na gama bayani, ban rage komai ba, abin da ta tambaya kawai shi ne ko Dije ta rame. Na ce ta fi ni ƙiba. Ta ɗauki gyalen ta sa a hanci ta daɗe, sannan ta ce in sake ba ta wajen da rawani ya zube. Ranar na fara jin dariyar Inna tun da na yi wayo. Gyalen kuwa a cikin ƙwaryar Dije ta ajiye shi har ta rasu.

Har yanzu in ka tambaye ni me ya raba gidajen nan uku, ban sani ba. Abin da na koyo bai wuce biyu ba. Duk wurin da ka ga fili a gaba kowa ya ƙi zuwa, kai ma ka zauna. Sannan in ka fita neman ɗan'uwa da zanen fuska, ka fara buɗe taka, don da na yi haka tun Lahadin farko da labari ya kai mata cewa mai lauje a kunci ya zo, ita da kanta za ta neme ni.