Ranar da Na Yi wa Albasar Unguwa Aski

Ba zan taɓa mantawa da ɓarnar da na tafka a lambun unguwarmu ba, kuma ko na so in manta, mutanen Tudun Wada ba za su bar ni ba.

Lambun yana bayan gidaje, a bakin rafi, kowane gida da fangalinsa: wannan alayyahu, wancan tumatir, wani yakuwa da attaruhu. Amma ba don miya kaɗai ake zuwa ba. Da an yi la'asar dattawa za su shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, mata na tsinkar ganye ana hirar wa ta haihu, wa ya dawo daga Riruwai. A nan ake sanar da ɗaurin aure, a nan ake sasanta masu rigima. Yau shekarata tara a ɗakin haya a Kano, kuma wallahi ina kewar ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan har cikin raina.

A shekarar da abin ya faru, dawowata ke nan daga kwalejin aikin gona, kaina kamar ya fashe. (Har dogon takalmin roba na saya, da rani tsaka, ƙasa a bushe ƙamas.) Burina ɗaya ne: Baba Sale, tsohon da ke raba fangali da ruwa, ya kira ni tabarmar manya ya nemi shawarata. Sati biyu ina zarya, abin da nake samu kawai shi ne, "Ɗan boko, an fito?"

Wata Juma'a da hantsi, lambu ba kowa, na hango fangali biyu a ƙurya. Albasar ciki ta yi tsiri zaro-zaro, kowanne da farin fure a ka. Na ce haba! Ai a littafi an rubuta: in albasa ta yi fure, ƙarfinta ya gudu sama, kan da ke ƙasa ba zai yi girma ba. Tsofaffin nan sun yi sakaci, ga ranata ta zo. Na ɗauko lauje na bi su ɗaya bayan ɗaya, har ina fito. Saura layin jikin shinge, ƙudan zuma suka yi mini caa, ɗaya ya harbe ni a kunne. Na kwashi abin da na yanka na arce.

Da la'asar na zo da dami a kafaɗa, na zube shi gaban tabarma, na durƙusa.

"Baba, barkanku da yamma. Na ga albasar ƙurya na neman lalacewa, shi ne na gyara muku."

(Har Turanci na yi a wurin, Allah ya yafe mini.)

Baba Sale ya ɗauki fure ɗaya, ya juya shi a hannu.

"Ɗan nan, a makarantar taku, albasa daga ina take fitowa?"

"Daga iri, Baba."

"Madalla. Shi kuma irin daga ina?"

Sai a lokacin na gane ɓarnar da na yi. Da gangan aka bar fangalin nan biyu su yi fure, su ne irin unguwa gaba ɗaya. Jar albasa ce da mahaifin Baba Sale ya kawo daga Burumburum, mai kaiwa damina ba ta ruɓe ba, kuma duk shekara daga ƙuryar nan ake ɗibar wa kowane gida. Ba ta kasuwa ba ce balle a je a sayo.

Innata na cikin mata. Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Innalillahi! Ni 'yasu, wannan yaro ya kashe ni!"

Baba Sale ya tashi da sandarsa, duk muka bi shi. A jikin shinge ya ƙirga fure goma sha ɗaya a tsaye.

"Waɗannan me ya hana ka?"

Na shafa kumburarren kunnena. "Zuma, Baba."

"To, Allah ya yi wa zuma albarka."

Aka ce amin, sannan aka kwashe da dariya, har da masu hawaye. Ni dai na so ƙasa ta tsage in shige.

Hukuncina shi ne gadin furen nan daga awaki har suka bushe, sati biyar cur. Irin da aka samu bai cika tafin hannun Baba ba. Shekara guda ba wanda ya ci jar albasa a unguwar, duk abin da ya fito aka ajiye don iri, kuma duk matar da ta wuce ni sai ta ce, "Likitan albasa, yau ma miyarmu lami."

Baba Sale ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Irin yana nan. Da zan samu a sake zaunar da ni gadin nan, shi yana kan tabarma yana zolayata, wallahi da gudu zan tafi.

Tun daga ranar, in na ga dattijo ya bar abu a tsaye, hannuna nake sawa a aljihu in tambaya tukuna. Abin takaicin dai, ƙudan zuma ya riga ni ganewa.