Rasuwar Kaka, Kwamfutar da Ba Ta Gutsure Lamba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, Malama Nuriyya Abdulƙadiri ta Wurno, mai awon gonaki, take sanar da rasuwar tsohuwar kwamfutarta da aka fi sani da Kaka. Ta cika ranar Talata a fadamar Goronyo, bayan doguwar jinyar batir da zazzaɓin da yake sa ta hucin fuuu kamar zugazugin maƙeri.

Marigayiya ba ta da kyan gani, ba ta da sauri. Sai an dama fura an sha kafin ta buɗe ido. Amma a kan lambobi masu ɗigo, waɗanda ke nuna inda gonar kowa ta tsaya, ba a taɓa kama ta da ha'inci ba. Ita kwamfuta da ƙidayar bibbiyu take riƙe lamba a cikinta, wajen fito da ita a rubuce ne ake yin ɓarna. Wata kwamfutar ta jawo wa lambar jelar ƙarya, wata ta gutsure ta. Da manhajar da Nuriyya ta rubuta mata, Kaka takan fitar da daidai abin da in aka mayar mata zai koma yadda yake, ba ƙari ba ragi.

An ga amfanin wannan hali da ambaliyar Rima ta share gambar da ke raba gonar Uwaliya, mai riƙon marayu, da ta Alhaji Maccido. Sabuwar manhajar da Alhaji ya yi haya tana tsayawa a lamba ta huɗu bayan ɗigo, wai sauran tarkace ne. A cikin tarkacen nan kunyoyin Uwaliya suke, kuma tuni Alhaji ya dasa musu albasa. Kaka kaɗai ta ƙi sa hannu, ta yi ta ƙit-ƙit tana fito da lambar har ƙarshenta. Abin ya yi wa Nuriyya zafi ƙwarai da Kaka ta mutu kafin a yanke magana.

Marigayiya ta rasu ta bar caja mai ɗaurin ƙyalle, da linzami mai ido ɗaya, da manhajar nan ta Nuriyya, wadda yanzu take zaune lafiya a wayoyin manoma daga Sisawa har Rara. Masu zuwa gaisuwa da murmushi a ɓoye su san da wannan, kada su yi asarar man mota. 'Yan gwangwan kuma su haƙura, ko ƙusa ba za a sayar ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a gaban mai gari da dattawa. Za a haƙa kabari a daidai kan iyakar da marigayiya ta rubuta. Ana roƙon Alhaji Maccido, da girmamawa, ya riga masu haƙa zuwa ya tumɓuke albasarsa.