Zanen da na karanta daga dama

Ko na so in manta da taron nan na makarantar Islamiyyarmu ta Tudun Wada, ba zan iya ba. Ni ne sakataren kwamiti, kuma a lokacin ban daɗe da fara taɓa kwamfuta ba, kaina ya yi girma.

Abin da ya tara mu shi ne Malama Rabi, wadda ta kawo sabon salon koyar da hadda. Wasu iyaye suka yi ƙorafi, aka ce a duba sakamakon ajinta kafin a yanke ko za ta ci gaba da riƙe shi. Na ce a bar mini. Na kwafo 'yan layukan umarni daga intanet, irin waɗanda ke mayar da lambobi su koma zane, na zuba makin zango shida. Zane ya fito tsaf. Sai na ga sunayen zangunan sun cunkushe a ƙasa, na goge layin da ke rubuta su (wai ni mai son tsabta).

Ranar taro, bayan la'asar, na haska zanen a bango, na ɗauki sanda, na yi bisimilla. Hannun da ya shekara arba'in yana rubuta Ajami ya tafi inda ya saba. Daga dama na fara.

"Kun gani, daga sama aka taso, ana ta gangarowa."

Alhaji Sani, shugabanmu, ya juya ya wanke Malama tas da faɗa a gaban iyaye. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Baba Sakatare, zangon farko yana wane gefe?"

Na dubi bango. Na dubi takardar makin da ke hannuna. Yaran nan ba gangarowa suke ba, hawa suke yi.

"To Malam," in ji Alhaji Sani, "in a baibai za ka karanto mana, ai da ka faɗa."

Aka yi dariya, ban da ita. Na ba ta haƙuri a wurin, na bi ta gida na sake ba ta. Ta ce ta yafe, kuma na yarda. Amma da zango ya ƙare ta koma wata makaranta a Gyallesu, mafiya ƙwazon ajin suka bi ta.

Yanzu ko kalanda aka miƙo mini, sai na tambayi inda aka fara kafin in buɗe baki.