Rasuwar Kerttu, Bindigar Surukina

Da zuciya cike da baƙin ciki, da babban yatsa naɗe cikin bandeji, da kunnen dama da har yanzu yake kuka kamar butar shayi a kan wuta, ni Reijo Moilanen nake sanar da 'yan uwa mafarauta na ƙungiyarmu, da abokan arziki, har da masu dariyar ƙeta, rasuwar Kerttu, bindigar gidanmu. Ta cika ranar Talata da hantsi, a bayan rumbun itace, a kan kafaɗata, bayan doguwar jinyar da ni ne likita kuma ni ne ciwon.

Yanzu haka tana kwance a kan teburin girki, na lulluɓe ta da tawul. Matata Sirkka tana Oulu wajen jinyar yayarta, motar haya za ta sauke ta ranar Asabar da yamma, kuma ba ta sani ba. Duk wanda ya karanta wannan sanarwa a allon ƙungiya, ina roƙonsa don girman Allah ya riƙe bakinsa, ya kuma taimaka ya riƙe na matarsa. Domin Kerttu ba tawa ba ce. Ta Sirkka ce, gadon mahaifinta.

Marigayiya ta shigo gidan Karppinen, gidan iyayen Sirkka, tun Sirkka tana rarrafe. Surukina marigayi Eino ne ya sayo ta a Kajaani, ya raɗa mata suna, ya shafe ƙotarta da mai har ta yi ja kamar gasasshen burodi. Ta ciyar da gida biyu. Babu kakar da ta wuce ba ta cika mana firiza da naman hirvi, babbar barewar dajinmu, ba, kuma duk wanda ya taɓa jan gawar ƙaton nan mai ƙaho daga cikin fadama ya san ba ƙaramin alheri ba ne. Ba ta taɓa ƙin tashi ba, ko a sanyin da yake daskarar da gashin hanci. Ba ta san ƙarya ba: inda ka nuna, nan take zuwa, in an kuskure to a tambayi mai riƙo. Ga murya. In Kerttu ta ce ƙaam a wannan gaɓar tafki, mutanen tsallake sukan ɗora tukunya, don sun san nama yana tafe.

Da tsufa ya kama Eino, a gabana ya ɗora ta a cinyar 'yarsa. Ya ce, “Taki ce. Mijinki ya riƙa ɗauka, amma aro. Ran da kika ga ya fara jin magana, kya iya ba shi.”

Sirkka ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, “Ashe da ita za a binne ni, Baba.”

Haka aka yi. Takardar mallaka da sunanta, tawa ta mai aro. Na yi ta ɗaukar Kerttu har kaina ya yi fari, duk kaka ina tambayar izini kamar ɗan makaranta, duk kaka ana ce mini, “Ka dawo min da ita yadda ka ɗauka, tsoho.”

Ciwon ajalinta ya faro ne daga abin farin ciki. 'Yarmu Outi ta dawo gida da jaririnta Aarni don ta huta. Yaron kuwa ba ya barci sai a waje, cikin kekensa a baranda, a ƙunshe kamar ƙunshin kifi, yadda dukanmu muka yi muna jarirai. Ni kuma wurin gwajina yana can bayan rumbun itace, inda nake harbin allo a jikin tudun yashi. Ran da na fara harbi bayan zuwansu, kafin amon ya dawo daga daji na hango Outi tana ratso dusar ƙanƙara da silifas.

“Baba! Tun safe nake jijjiga ɗan nan, yanzu ya rufe ido. In ka ƙara tayar min da shi, wallahi kai za ka ba shi nono.”

Mutum mai hankali da sai ya rataye bindiga har bazara. Ni sai na shiga ɗakin aiki. Kerttu tana da salansa, abin rage ƙara da ake ɗaura wa bakin bindiga, amma kowa a nan ya san salansa rurin baki kawai yake haɗiyewa. Muddin harsashi ya fi sauti gudu, sai ya yi tas a iska kamar bulala. Maganin shi ne ka ɗura naka da hannu, ka rage masa gudu har ya koma bayan sauti. Ni kuwa tun ina saurayi nake ɗura harsasaina. Ina da sikeli, ina da kwanso, ina da girman kai.

A nan ya zama dole in ambaci Urpo Heikura, abokina tun firamare, wanda ya yi iya ƙoƙarinsa don ceto ran marigayiya. Da ya ji abin da nake shiri, sai ya zo ɗakin ƙungiya da na'urarsa ta auna gudun harsashi, 'yar akwatin nan mai ido biyu wadda in harsashi ya wuce ta samanta take rubuta maka gudunsa. Ya dangwarar da ita kusa da kofina.

“Ɗauki, Reijo. Ba haya na ce ba, aro. Ai ka saba da aro.”

Na ce, “In yi me da ita? In na ji tas, ya yi gudu da yawa. In ban ji ba, ya yi daidai. Allah ya ba ni na'ura biyu kyauta, ɗaya dama ɗaya hagu.”

“Waɗannan da injin yankan katako ya gama cinyewa? Shekaranjiya a kanti sai da na jefe ka da albasa kafin ka juyo.”

“Ji na yi, amsawa ce ban ga dama ba.”

“To, sarkin kunne. Kunne zai gaya maka in harsashi ya yi sauri. In ƙarfinsa ya gaza fa, wa zai gaya maka?”

Na ce kayan yaran birni ne, Eino bai taɓa ganin irinta ba kuma bai kwana da yunwa ba. Urpo ya ce Eino bai taɓa ƙoƙarin mai da zakanya kyanwa ba. Duk da haka ya bi ni har mota ya cusa na'urar a kujerar baya. Na kai ta gida, na ajiye a zaure. Ta yi mini amfani sosai: a kanta nake shanya safar hannu.

Da farko jinyar ta yi kamar za ta yi kyau. Na rage albarushi, Kerttu ta bar ƙaam ta koma tuf. Aarni ya yi barcinsa, Outi ta kawo mini kofi har bayan rumbu, na riƙa tafiya a ƙauye kamar wanda ya gano wutar lantarki. Sai sanyi na gaske ya sauko. A irin wannan sanyi sauti kansa yakan rage gudu, sai ga tas ta dawo, sai ga silifas a dusar ƙanƙara. Na koma ɗakin aiki na ƙara ragewa. Abin da na sani amma na ƙi tunawa shi ne, albarushi ma in ya sha sanyi ragwanci yake yi. Ina rage mata abinci, sanyi yana rage mata ƙarfi.

Ta nuna alamu, Allah shaida ne ta nuna. Harsasai suka fara sauka ƙasa da inda na nufa, wannan nan, wancan can. Wani ma a kaikaice ya shiga allo, ya bar rami mai siffar ƙofar makulli. Na ɗora wa tabarau laifi, na ɗora wa iska, na ɗora wa kofin Outi. Muryarta ta bar tuf ta koma fuf, kamar tsohuwa tana hura miya. Maimakon in tsorata sai na kira Urpo, na ajiye wayar a kan kututture, na harba.

“Ka ji?”

“Ban ji komai ba.”

“Yauwa! To je ka gaya wa akwatinka.”

Ranar Talata gari ya waye tas, itatuwa suna ƙara don sanyi. Aarni yana barci a baranda. Na ɗauko sababbin harsasan da na ƙara rage wa albarushi, na kwanta, na saita. Na farko ya ce fuf, ya huda allo. Na biyu kuwa, 'yan uwa, ban taɓa jin harbi mai ladabi irinsa ba. Ƙyas kawai na ji, sai shiru. Ko tsuntsun da ke kan rumbu bai motsa ba. Hawayen alfahari suka cika mini ido. Na ce yau na kai inda babu mahalukin da ya taɓa kaiwa a duk yankinmu na Kainuu.

Na leƙa madubin hangen da ke kan bindigar, rami ɗaya ne a allo.

A nan ne mutum yake tsayawa. A nan ne ko yaron da ya ci jarrabawar farauta jiya yake zare makullin bindiga ya leƙa bututu ya ga ko haske yana wucewa. Ni ga abin da zuciyata ta raya mini, kuma ina rubuta shi ne don kada wani ya riga ni faɗa: na ce ai ta ramin na farkon ya bi.

Na ɗura na uku.

Kalmarta ta ƙarshe ɓum ce, gajera, a shaƙe, kamar an saki guduma cikin rijiya. Ta zabura a kafaɗata sau ɗaya, ta yi laushi. Gaskiya ta sa in faɗi cewa ko a wannan hali ta cika alkawari, ƙararta ba ta tashi jariri ba. Ihuna ne ya tashe shi.

Outi ta iso a guje, ta ƙirga yatsuna, ta duba idanuna, sannan ta dubi abin da ke ƙasa. Ta durƙusa ta taɓa ƙotar.

“Ta Kaka ce fa, Baba.”

“Na sani.”

“Ni dai ba da bakina Mama za ta ji ba. Amma ranar ina so in zauna kusa.”

Na garzaya da ita Kajaani wurin Aulis maƙeri. Ya ɗaga ta wajen taga, ya leƙa, ya shafa inda ta kumbura kamar maciji ya haɗiyi ƙwai, ya nuna mini tsagar da ta ratsa har ƙugu. Ya ce na biyun bai taɓa fita ba, ƙarfinsa ya ƙare a tsakiyar hanya ya kwanta, na uku ya zo ya same shi. Suna nan ciki rungume da juna.

“Ba ka da na'ura ne?”

“Akwai ta aro.”

“Me ta nuna?”

“Safar hannu ce a kanta.”

Ya cire hularsa. Har yanzu ban sani ba ko don Kerttu ya cire, ko don ni.

Masu gardama a ɗakin ƙungiya kan ko lallai ne sai da na'urar nan, su ci gaba da gardamarsu, ni an fitar da ni daga layin masu magana. Abin da na sani shi ne, da na ɗauke safar hannuna, da tun makonnin baya ta nuna mini gudun yana zubewa yana tangal-tangal. Ranar Talata kuwa da ba ta rubuta komai ba, don babu abin da ya wuce ta samanta, kuma ko ni da taurin kaina ba na jin zan yi wa allon na'ura marar rubutu fassarar ƙwarewa. Shirun da na yi ta nema na same shi. Ban dai tambayi kaina dalilinsa ba.

Marigayiya ta rasu ta bar uwar ɗakinta Sirkka, wadda ba ta san ta yi rashi ba. Ta bar salansa guda, yana kwance rai a hannun Allah. Ta bar madubi da ya ga komai da idonsa, da majanyin fata na rataye ta wanda har yanzu yake ɗauke da gumin Eino, da sauran harsasan da na ɗura, waɗanda Aulis ya ƙwace yana cewa ko ɓera ba zai yarda a harba da su ba. Ta bar Aarni, wanda ba zai taɓa jin muryarta ta gaskiya ba. Ta kuma bar mai aro guda ɗaya, da kunnuwa biyu, dukansu sun yi murabus.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a ɗakin ƙungiya, kafin isowar motar Oulu. Aulis zai yanke wurin kumburin a rataye a bango sama da tukunyar kofi, sauran ƙarfen a miƙa wa hukuma yadda doka ta ce. Ƙotar za ta dawo gida. Za a gasa makkara, naman nan da ake ɗurawa cikin hanji, a wuta, za a sha kofi. Urpo zai yi jawabi, na roƙe shi ya taƙaita, ya ce bai ji ba. Ba a buƙatar furanni. Mai son taimakawa ya tanadar mini shimfiɗa a ɗakinsa na wankan tururi, domin da yamma ni kaɗai zan je tasha, kuma na yanke shawarar sai ta ci ta ƙoshi zan buɗe baki.

Allah ya jiƙan Kerttu, ya ba mu haƙurin...

A gafarce ni, sai da na ajiye alƙalami. Wata farar mota ce ta tsaya a ƙofar gida, wata mata da ban taɓa gani ba ta fito da jakar kayan aiki, tana karkaɗe dusar ƙanƙara daga takalmanta. Na buɗe ƙofa kaɗan, na tare hanyar teburin girki da jikina.

“Kai ne Reijo? Kash, ai an ce mini ba ka gida war haka. To, asiri ya tonu, sai ka yi kamar ba ka sani ba. Ni mai zane ce a jikin ƙarfe, daga Oulu. Matarka ce ta turo ni. Ta ce akwai bindigar mahaifinta, a zana sunanka a jiki kafin Asabar. Wai tunda ka iya yin shiru saboda jikanka, ka fara jin magana ke nan.”

Ta ɗaga wayarta, tana murmushi.

“Ga ta ma a kan layi, tana so in nuna mata inda sunan zai zauna. Ina bindigar?”