Murhu Mai Dogayen Ƙafafu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara mutanen Illela su zo su ga basirata, suka kuwa zo suka gan ta tsirara. Ko na so in manta ba za a bar ni ba, domin har gobe abin yana kasuwa ana cinikinsa.

A tsakiyar shekarun tamanin ne, ina sabon malamin fasaha a wata sakandare ta garin. Na fito daga kwalejin horon malamai da takarda ɗaya da girman kai buhu guda. Biro uku nake sakawa a aljihun gaba (biyu ba sa rubutu). In na ratsa ta bakin boda na ga 'yan canji suna kaɗa sefa, sai in riƙa yi musu kallon mutanen da Allah ya ba kuɗi ya hana ilimi. Ni kuwa an ba ni ilimin, kuɗin ne ake ta shawara a kai.

Shekarun nan itace ya yi tsada. Fari ya cinye daji, rediyo kullum tana kiran a daina sare bishiyoyi, kalanzir kuma sai wanda ya san wani. Wata rana na ji matata Kulu tana ƙorafin damin itacen da masu jakai ke kawowa daga Araba, wai kullum sai ramewa yake yi kuɗinsa na ƙiba. Na leƙa madafa na ga murhunta, duwatsu uku, wuta na fita ta kowane gefe tana dumama iska a banza. Na ce a raina, wannan ai jahilci ne tsagwaronsa, kuma ni Allah ya aiko in kawar da shi.

Da ma na karanta a wani littafinmu na kwaleji cewa akwai ofis a Legas inda ake yi wa ƙirƙira rajista. Wanda ya ƙirƙiro abin da ba a taɓa yi ba, sai ya zana shi, ya yi bayaninsa, ya aika. In sun gamsu su ba shi takarda mai hatimi, daga nan ba mai ƙera irinsa sai da izininsa, kuma sunansa ne a kan abin. Wallahi ba kuɗin ne ya ja ni ba, sunan ne. Ina so a ce kowane gida daga Illela har Amarawa, in za a ɗora tukunya sai an ambace ni.

Littafin ya ce akwai sharaɗi: kada kowa ya ga abin kafin takardunka su tafi. Na riƙe wannan sharaɗin fiye da yadda nake riƙe wasu farillan. Na sa wa ɗakin zaure kwaɗo, na hana Kulu ko leƙawa. Lissafina shi ne za ta faɗa wa maƙwabciya, maƙwabciya ta faɗa wa 'yar uwarta da ke aure a Konni ta Nijar, kafin Juma'a Faransawa sun sace mini fasaha. (Ka ji fa. Faransa guda tana zaune ba ta da aiki sai jiran murhuna.)

Ga yadda abin yake. Rabin durom ne, da 'yar ƙofa ta saka itace a gaba don kada zafi ya tsere, da bututun hayaƙi a baya, da wani ɗan akwati a gefe na gasa burodi. Samansa shafaffe ne sumul, da rami ƙarami inda harshen wuta zai taɓa gindin tukunya. Abin da na fi alfahari da shi kuwa ƙafafun ne: guda uku, sirara, dogaye har ƙugun mutum, wai don in raba matan ƙasar nan da durƙuso.

Nomau maƙeri na kai wa aikin, wanda ke ƙera kwasa ta noma da murhun gawayi a bakin kasuwa. Don kada ya gane, sai na riƙa kai masa zanen gutsure-gutsure, yau ƙofa, jibi ƙafa. A gutsure na biyu ya gane komai. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya auna ta da ido.

"Tica, mi za a dahwa bisa wanga abu?"

Na ce komai.

"Har tuwo?"

Na ce har tuwo, har abin da ya fi tuwo.

"Uwargida ta gan shi?"

Na yi masa bayani a hankali, irin na malami ga wanda bai je makaranta ba, cewa harkar injiniya ba ta mata ba ce. Ya ce to, Allah shi ba da sa'a, ya koma ga zuga-zuginsa.

Gwaji kuwa na yi shi, kada a ce ban yi ba. Kullum in na taso daga makaranta sai in kulle kaina a zaure, in ɗora butar ruwa, in saka itace uku, in zuba wa agogo ido. Ruwa ya tafasa, in rubuta. In zubar, in sake ɗorawa. Ruwan zafin da na dafa a watan nan ya ishi wankan jego uku. Kulu takan tsaya bayan ƙofa ta tambaya ko akwai abin da za ta kama mini, in ce mata ta je ta ji da girkinta. Ita da girkinta, ni da murhuna, bango ɗaya tsakaninmu, kuma ko sau ɗaya hankalina bai haɗa biyun ba.

Da na gamsu, na hau mota har Sakkwato na aika da zanen Legas ta gidan waya, na riƙe rasit kamar laya. Daga nan na rubuta wa ofishin gandun daji, na ce na samo maganin hamada. Suka ce za su turo jami'i ya gani, in abin ya yi kyau a baza shi ƙauyuka da sunana. Na sa aka rubuta sunan nawa da farin fenti a jikin durom ɗin, manyan baƙaƙe. (Ba zan faɗe shi a nan ba, ya sha wuya isasshiya.)

Na zaɓi ranar kasuwa don a samu jama'a, a filin makaranta. Tunda Kulu ba za ta fito gaban maza ta yi girki ba, sai na roƙi Gwaggo Ige, ƙanwar mahaifina, wadda babu bikin da za a yi a unguwarmu ba ita ke tuƙa tuwonsa ba. Mace ce mai damtse, bakinta kuma ba birki. Da safen nan ta fara ganin murhun. Ta zagaya shi sau biyu, ta ce wanga zalɓe hwa, ina za ta zamna? Na ce ai tsaye ake yi, zamani ya zo. Ta ce to mi ka riƙe tukunya? Na ce nauyinta. Ta dube ni, ta dubi ƙafafun, ta ce a kawo mata gari.

Jama'a ta taru, har 'yan canjin nan da nake rainawa sun bar teburansu sun zo kallo. Jami'in ya iso cikin farar shadda da takalmi sau ciki mai ƙyalli, aka ba shi kujera a gaba. Na sa aka jera duwatsu uku a gefe aka hura musu wuta, don a ga bambanci. Sannan na yi jawabi. Kai, na yi jawabi! Na zagi duwatsun nan tas, na ce su suka cinye dajin ƙasar Hausa, na ce su suka tanƙwara bayan iyayenmu mata, har na kai wa ɗaya shuri da ƙafa. Gwaggo tana gefe tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Aka ɗora ruwa a duka biyun, nawa ya riga tafasa da nisa. Aka yi tafi. Jami'i ya gyaɗa kai, ya jawo kujerarsa kusa don ya gani da kyau. Gwaggo ta yi talge, ta rufe, ya dahu lafiya lau. A lokacin har na fara tunanin irin rigar da zan saka ranar karɓar takarda mai hatimi.

Sai aka zo tuƙi.

Ga wanda bai sani ba (irina a lokacin), tuwo in an zuba masa gari ya kama jikinsa, ba motsa shi ake yi ba, kokawa ake yi da shi. Gwaggo ta ci ɗamara da gyalenta, ta zuba garin dawa, ta kama muciya hannu biyu. Ta ja na farko, tukunya mai zagayen gindi ta zame a kan shafaffen saman nan. Ta ja na biyu, murhun gaba ɗaya ya taka taku ɗaya gaba, kamar an kira shi. Ta ce in riƙe mata. Ni kuma da azamata na cafke abin da ya fi kusa da ni, wato bututun hayaƙi, wanda ya yi awa guda yana shan wuta.

Na saki, na kurma ihu ina kiran innata, a gaban ɗalibaina da shugaban makaranta. Gwaggo kuwa ta riga ta ja na uku.

Ƙafa ɗaya ta lanƙwashe. Tukunya ta yi gaba, ta kife daidai gaban jami'i. Allah ya taimake shi ya zare ƙafafunsa ya bar takalman, tuwo ya cika su fal. Bututun ya biyo baya ya amayar masa da baƙin hayaƙi na wata guda a kan farar shadda. Ƙofar akwatin gefe ta buɗe, burodin da na shirya nunawa a ƙarshe ya gangaro, gefe ɗaya gawayi gefe ɗaya ƙullu. Durom ɗin ya mirgina ya tsaya, sunana yana sama, kowa na karantawa.

Wurin ya yi tsit. Da ma an bar shi haka, da na gode Allah. Amma Gwaggo tana tsaye da muciya a hannu, tuwo na ɗiga, ta juyo gare ni, kuma ba ta san magana a hankali ba.

"Kai ɗan nan, shekara nawa kana cin tuwo? Ba ka taɓa tsayawa ka ga yadda aka tuƙa shi ba? Da mace cikin gidanka! Ka tambayi Kulu?"

Ni ina can ina ta hura tafin hannu. Wani daga cikin 'yan canji ya maimaita daga baya, cikin ladabi kamar mai neman fatawa, wai Tica, ka tambayi Kulu? Shi ke nan, fili ya ɗauka. Na ga dattawa suna share hawaye da bakin rawani. Na ji kunya irin wadda mutum ke roƙon ƙasa ta tsage, ƙasar Illela kuma ta ƙi.

Gwaggo ta ja kujerarta 'yar tsugunne zuwa ga duwatsun nan uku da na zaga, ta gyara wanda na shura, ta tuƙa sabon tuwo da sauran garin. Shi jami'in ya ci, ba takalmi, da miyar kuka. Da zai shiga mota ya ce mini, Malam, a ci gaba da bincike. Ban sake ganinsa ba.

Labari ya riga ni isa gida. Kulu ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ta shafa mini man shanu a hannu. Washegari da za ta yi tuwon rana ta ce, Malam, in ba ka da aiki zo ka tsaya nan. Na tsaya. Na ga yadda tukunya ke nutsewa tsakanin duwatsu su cije ta ta gefe uku, na ga yadda take zama ƙasa ta tokare da ƙafa, ƙarfin duk ya tafi cikin tuwon. Shekarata biyu da aurenta, ranar na fara gani. Ta ce ƙofar nan tawa, yadda Gwaggo ta kwatanta mata, dabara ce mai kyau, za ta rage cin itace. A yanke ƙafafun, a buɗe saman tukunya ta shiga har ƙugu, a sa ƙarafa uku a ciki su riƙe ta. Na ce zan duba. Ban duba ba, girman kai bai bar ni ba. Na sa aka kai wa Nomau gawar murhun na ce ya yi abin da ya ga dama da ƙarfen.

Nomau kuwa bai je kwaleji ba, saboda haka ya aiko matarsa ta tambayi Kulu. Bayan wata biyu sai ga wani gajeren murhu a kasuwa, mai ƙofa irin tawa, ba ƙafa, ba bututu, ba akwatin burodi. Mata suka yi masa rubdugu. Ba wanda ya zauna ya raɗa masa suna, amma kowa ya zo saye sai ya ce a ba shi Tambayi-Kulu, babba ko ƙarami.

Na je wurin Nomau a fusace, na ce ya sani fa takarduna suna Legas, ba mai ƙera murhuna sai da izinina. Bai ko ajiye guduma ba.

"Naka mai dogayen ƙahwahu ne, Tica. Shi kam ba wanda ya taɓa ma shi. Shina nan bayan maƙera, kaza na ƙwai cikin wurin burodi."

Legas ba ta amsa ba har yau, kuma na daina zargin gidan waya.

Bayan wasu shekaru namu na gida ya huje, Kulu ta ce in na shiga Konni in sayo mata wani, an ce nasu ya fi kauri. Mai sayarwa bai san ni ba. Yana ƙirga sefa yana ba ni tarihin murhun kyauta: wai wani malamin boko ne a Illela ya ƙona gwamna da tuwo, ya gudu Legas, matarsa ta gyara abin. Na daure na tambaye shi sunan malamin. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wa ya sani, mijin Kulu dai ake ce masa.

Na ɗaure murhun a bayan keke na kawo mata. Tun daga lokacin, ko ƙusa zan kafa a gidan nan sai na leƙa madafa na yi tambaya tukuna.