Giyar Kaka Deolinda a Famfon Manya

Yau da hantsi ina tsaye a dandalin ƙauyenmu riƙe da farantin kofuna, sai kofi ɗaya ya kife a kan takalmin Mai Girma Sarkin Almakashi, babban jami'in gwamnati na yankinmu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma bawan Allah bai ma lura ba. Bakinsa cike yake da giyar kakata, yana neman inda zai tofar, ga masu ɗaukar hoto sun tsare shi da ido. Bari in gaya muku yadda aka yi muka kai ga haka.

Kun dai san yadda muke bikin gama tsinkar inabi a nan tsaunukan bakin kogin Douro. Kowane gida ya fito da tulunsa na giya, kuma abin kunya ne mutum ya sha tasa ko ya yabe ta. Ka zuba wa maƙwabci, ya zuba maka, ka kurɓa ka ce ba ka taɓa shan irinta ba. In ka koma gida sai ka gaya wa matarka cewa ruwan wanki aka ba ka. Haka muka taso muka tarar, kuma ba wanda ya mutu.

Bana manyanmu, Allah ya ƙara musu basira, suka gano cewa wannan ƙauyanci ne. Famfon ruwan dandali ya ƙafe tun ina 'yar firamare, kuma duk zaɓe sai an zo an dafa shi an yi mana alkawari. To bana sun tuna da mu. Suka kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti, ƙaramin ya tafi birane yawon kallon famfunan mutane, ya dawo da tumbi. Sai ga sabon famfo na farin dutse a gefen tsohon, wanda ba ruwa zai zubar ba, giya zai zubar ranar biki don baƙi su yi hoto. Da yake bututunsa ɗaya ne, giya ɗaya za a sha, tuluna kuma su zauna a gida.

Sarkin Almakashi da kansa ya zo ya tara mu. Muna kiransa haka ne don ba mu taɓa ganinsa ba sai da almakashi da ƙyallen buɗe sabon aiki da zai yanka. Ya dafa ƙirji ya ce mu ɗauka duk giyar duniya ta ƙare, saura guda, wacce za mu zaɓa? Za a jera tulunan gidaje babu komai cikinsu a bayan labule, kowa ya shiga ya jefa ƙwayar wake a wanda yake so.

Ni damuwata Kaka Deolinda ce. Tun da kakana ya rasu take matse inabi yadda yake yi, kuma an ce shi ma tasa haka take. Giya ce da in ka kurɓa sai haƙoranka sun mutu har washegari. Mutane sukan karɓa su yaba, su juya su tsiyaye a gindin zaitun ɗin dandali, shi ya sa reshensa na wannan gefen ba ya 'ya'ya. Kaka ta ce in tulunta ba zai fita ba, ita ma ba za ta fita ba. Ita da ba ta taɓa fashin biki ba tun tana amarya, ita ce kuma ke tayar da waƙa. Ta ninke mayafinta na biki ta mayar cikin akwati. Ni ba mai iya magana a taro ba ce, sai na riƙa bin katanga ina tambayar maƙwabta a hankali.

Kowa ya san giya biyu ce ta kirki a ƙauyen, ta Baba Baltazar da ta Kawu Amadeu. Na sami Baba Baltazar yana wanke ganga, na tambaye shi ko tasa zai zaɓa.

"Haba 'yar nan, ni in jefa wa kaina wake? Ina da sauran kunya."

"To ta Kawu Amadeu?"

"Gara in sha ruwan da aka wanke ƙafar jakinsa."

Kawu Amadeu ma ya ce shi ba mara mutunci ba ne da zai zaɓi tasa, ta Baltazar kuwa ko a tankin tarakta ba zai zuba ba. Haka na ji a kowane gida. Taka ba ta zaɓuwa saboda kunya, ta maƙwabci ba ta zaɓuwa saboda kada kansa ya kumbura. Ashe kowa ya ƙudurta a ransa zai jefar da wakensa inda ba zai cuci kowa ba, wato a tulun da ya ɗauka ba zai taɓa ci ba. Da aka yaye labule, tulun Kaka da ƙyar na ɗaga shi saboda nauyin wake. Miyar wake muka yi ta sha a makon nan.

Kaka ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce ta daɗe da sani, nauyin baki ne kawai ya hana su faɗa. Ta ciro mayafinta ta shanya.

Akwai fa kwamitin ɗanɗano na musamman, amma a otal ɗin birni suka yi nasu ɗanɗanon, ba su ga dalilin hawo tsauni ba. Suka aiko da saƙon cewa jama'a sun yi magana, aka zo aka ɗauki gangar Kaka da jiniya.

Shi ne yau Sarkin Almakashi ya yanka ƙyalle, ya yi dogon jawabi cewa wannan giya ita ce zuciyar mutanenmu, ya ɗauki kofi daga farantina ya cika baki. Idonsa ya kawo ruwa. Kunnensa ya yi ja. Kaka na tsaye a gabansa cikin mayafinta, tana murmushi.

"Yaya ka ji, ɗana?"

Ya haɗiye da ƙyar. "Mama, ban taɓa shan irinta ba."

Ta karɓi kofin ta sake cika masa.

Sai Baba Baltazar ya cire hula ya rusuna, ya ce ranka ya daɗe, famfo mai daraja irin wannan ai na manya ne da baƙinsu, mu talakawa ba mu kai ba. Ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo tulunsa. Kafin ka ce me, tuluna sun yi ta fitowa daga kwanduna, daga ƙarƙashin burodin masara, har daga keken jarirai. Baltazar ya zuba wa Amadeu, Amadeu ya zuba masa, kowannensu ya rantse bai taɓa shan irinta ba. Kaka ta tayar da waƙa, ƙamshin gasasshen kifi ya cika dandali. Manya kuwa aka bar su da famfonsu, Kaka na leƙo su lokaci-lokaci kada kofin wani ya bushe.

Ni ba a tambaye ni ba, amma in giyar duniya ta ƙare saura guda, ta Kaka zan zaɓa. Ita kaɗai na ga ta sa babban mutum ya faɗi gaskiya a bainar jama'a. Baba Baltazar ma ya ce da za a ɗura ragowar a tsohon famfo, da ta cinye tsatsar bututun, ruwa ya dawo. Don Allah kada wanda ya kai wa manya wannan shawara. Kwamiti za su kafa mata.